Ruwa a Bayan Ɗakin Batulu

Akurba, Lafiya,
9 ga Fabrairu, 1988.

Zuwa ga 'yata Huseina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da mai gidanki Malam Ɗanmusa da yara gaba ɗaya. Yaya Gombe? Yaya ƙafar nan taki da kika ce tana kumbura? Allah Ya sawwaƙe. In kin tambaye ni, ina nan da rai. Lafiya kuwa, sai dai a ce alhamdu lillahi.

Maƙwabcina Iorkyaa ne yake rubuta mini, tunda ni ban yi boko ba, kuma ba zan ba wani na cikin gidan nan cikina ya kai wa yayanki ba. Na ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya zuba mini zuma a magana.

Huseina, yayanki Mahmuda yana haƙa rami a bayan ɗakin uwarku.

Tun da aka dawo da shi aiki daga Jos kin san abin da na haɗiye. Ya rushe ɗakunanmu na ƙasa ya yi na bulo, na yi shiru. Ya sare mangwaron da na dasa shekarar da aka haife ki, wai yana zubar da ganye, na yi shiru. Ya zagaye gida da katanga har ba na ganin masu wucewa in gaishe su, na yi shiru. To, makon jiya sai ga shi da wani magini, Aloysius, da leburori, sun ja igiya sun fara sara. Na ce rijiya za ku yi kusa da kabari? Ya ce ba rijiya ba ce Baba, tafki ne na ado. Wai ya gani a gidan wani Bature a Jos. Za a shafe shi da siminti, a cika da ruwa, a zuba kifi, a dasa bado, a kafa wani famfo da zai riƙa watsa ruwa sama yana dawowa. Na ce kifin na miya ne? Ya ce na kallo ne. Na ce ruwan fa, na sha ne? Ya ce shi ma na kallo ne. Na ce to Allah Ya ba ka abincin kallo, mu ga ko za ka ƙoshi.

Ba wannan ne ya sa na aiko miki ba. Kina wurin ranar da Batulu ta cika. Da kunnenki kika ji ta ce a kwantar da ita a bayan ɗakinta, yadda iyayenmu suke kwance a Kwandere, ta riƙe hannuna ta ce kada in bar ta ita kaɗai. Na ce ba zan bar ki ba. Da muka rufe ta, na auna wurina a gefenta da ƙafata, na jera duwatsu. Duk shekarun nan ni nake share wurin. To igiyar Aloysius ta bi ta tsakiyar wurina. Rabinsa ya shiga rami. Duwatsun ma leburori sun kwashe sun zuba a kankare.

Da na yi magana, yayanki ya ce Akurba yanzu gari ne, ba dajin da na sara ba, an daina binne mutum a gida, duba-gari ba za su yarda ba. Ya ce ni da nake da sauran ƙarfi me ya kawo zancen kabari. Wai kuma don uwarku yake yi, ta ƙare rayuwarta da tulu a ka tsakanin nan da rafin Amba, shi ya sa zai kawo mata ruwa har inda take. Kin ji maganar 'yan boko. Matacce addu'a yake so, ba ruwa ba.

Ki rubuta masa. Yana jin kunyarki fiye da tawa. Ki ce ya matsar da igiyarsa, gidan da faɗi. Ba na roƙon ɗaki, ba na roƙon riga. Tsawona kawai nake nema.

Ki gai da mai gidanki. Ki shafa mini kan yara.

Ni ne mahaifinki,
Babandi.

*

Akurba, Lafiya,
30 ga Maris, 1988.

'Yata Huseina,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, kamar yadda muke nan cikin zafin da ya hana ko kaza fita. Takardarki ta iso, Iorkyaa ya karanta mini har sau biyu, don da farko na ɗauka shi ne ya kuskure. Ashe haka kika rubuta. Wai in yi haƙuri, Yaya yana da kyakkyawar niyya, ƙasar Allah duk ɗaya ce. Na gode. Nono ɗaya kuka sha, ban yi mamaki ba. In ƙasar Allah duk ɗaya ce, me ya sa bai haƙa tafkinsa a gaban gida ba?

An gama. Tanka ta zo ta yi ta juye ruwa, alhali matan unguwa suna layi a famfon bakin titi tun asuba, suna kallon motar tana shigewa gidanmu. Kunya ta hana ni zuwa masallaci ranar. Ya kawo tifa-tifa na jar ƙasa ya baje bayan gida, ya dasa furanni, ya jera duwatsun da ya sayo daga Akwanga. Ki ji fa, dutse ake saye! Badon kuwa daga wajen Awe aka tono shi da taɓonsa. Kifayen jajaye ne, ko tsawon yatsa ba su kai ba, sai yawo suke yi kamar marasa uwa. Ranar Lahadi ya tara abokan aikinsa, matarsa Jumai ta soya kaji, aka kunna inji, ruwa ya tashi sama, suka yi ta tafi. Wani mai tumbi ya ja kujera ya juya wa uwarku baya, ƙafar kujerar a kan kabarin. Na fito na ce Alhaji, matata kake zaune a kai. Ya tashi yana ba da haƙuri. Jumai ta ce wa baƙi wai Baba tsufa ne. Ban ci kazarsu ba, kuma tun daga ranar ban sake cin abin da ya fito daga tukunyarta ba. Doofan matar Iorkyaa ce take miƙo mini ta kan katanga.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Muna tsakiyar rani, ko'ina ƙasa ta tsage. Amma ciyawa ta fito a kan kabarin uwarku, koriya shar. Na sa hannu na taɓa gefen da ke kallon tafkin, ƙasar da sanyi. Na tura sanda, ta shige kamar a fadama. Tafkin yana yoyo ta ƙasa, Huseina, ruwan yana tafiya wurinta. Kullum da safe bakin ruwan ya sauka, kullum Mahmuda ya sa a ƙara, wai rana ce take shanyewa.

Na kai shi na nuna masa. Gaskiya ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya kira Aloysius, shi kuma ya ce siminti sabo haka yake, zai kama da kansa, in bai kama ba sai a kwashe kifi a sake shafe. Mahmuda ya ce in ba shi zuwa bayan Sallah, yanzu hannunsa ya yi ƙasa. Bayan Sallah! Azumi ma bai kama ba. Shi yana kwana a kan katifa, uwarsa tana kwana a cikin laka.

Na je wurin liman. Ya ce in bi a hankali, ɗa ne. Liman ɗin da Mahmuda ya saya wa lasifika, me zai ce?

Ba zan sake ce miki ki yi magana ba. Na gaya miki ne don kada gobe ki ce ba ki sani ba.

Mahaifinki,
Babandi.

*

Akurba,
27 ga Afrilu, 1988.

Huseina,

Barka da shan ruwa, da fatan azumi yana zo muku da sauƙi. Allah Ya karɓa.

Gefen kabarin ya fara zama. Jiya na ga tsaga a samansa, tururuwa suna fitowa da ƙwansu a baki. Hadari kuma ya fara haɗuwa ta gabas. Yayanki ya tafi Jos wani taro, sai ƙarshen mako. Kafin ya tafi na tare shi a bakin mota, ya ce Baba don Allah kada ka taɓa komai, in na dawo zan sa a zuƙe ruwan da inji. Na ce na ji.

Na yi noman shinkafa tun kafin a haifi uban Aloysius. Na san yadda ake sallamar ruwa daga fadama: ka buɗe masa baki ta gangare, ya kama hanyarsa. Gangaren gidan nan kuwa ni na san shi, ni na sare dajin. Tun da nake, ruwan bayan gida yamma yake bi, ya fita ta rariya ya faɗa kwatar titi. Kabarin yana gabas. Ba sai an kawo inji ba.

Iorkyaa ya ajiye biro ya ce in jira yaron, kwana nawa ne. Na ce su ma Tibi a gida suke binne nasu, ya gaya mini in uwar 'ya'yansa ce zai jira? Ya ɗauki biro.

Ki yi wa uwarki addu'a a wannan wata.

Babandi.

*

Akurba, Lafiya,
20 ga Mayu, 1988.

Zuwa ga 'yata Huseina,

Ina gaishe ki, ina yi muku barka da Sallah, in akwai barka. Na san Mahmuda ya aiko miki ta bakin direban da ke zuwa Gombe, kuma na san ba ki zo ba saboda ƙafarki. Kin ji nasa. To ki ji nawa.

Washegarin ranar da na aiko miki, da hantsi, Jumai ta tafi kasuwa. Na ɗauki diga na je bangon tafkin ta yamma. Da azumi a bakina na yi ta sara. Simintin da aka ce sabo ne, sai da hannuna ya fashe kafin ya buɗe. Da ya buɗe kuwa, ba tsaga ya yi ba, bangon ne ya ɓalle gaba ɗaya. Ruwa ya fito ya kayar da ni, ya nufi yamma kamar yadda na ce. Na ce alhamdu lillahi.

Sai ya je ya tsaya. Jar ƙasar da yaron nan ya baje ta ɗaga wajen yamma, rariyar kuma sun toshe ta da bulo lokacin da suka yi katanga, sun dasa furanni a gabanta. Wa ya gaya mini? Wa ya taɓa ce mini Baba, mun toshe rariyarka? Ruwan ya daki katanga ya juyo. Ina zaune a cikin laka ina kallonsa ya zagayo ta bayan tafkin, da badonsa da kifayensa da komai, ya tafi gabas. Na rarrafa na kwanta a gabansa, na tare da jikina, na tare da rigata. Huseina, ruwa ba ya jin magana. Ƙasar da ma ta jiƙa. Na ji wani sauti kamar an sauke buhu, kabarin ya rufta, ruwan duk ya bi ya shige.

Ihuna ne ya kawo Iorkyaa da 'ya'yansa, suka haura katanga. Muka yi ta kwarfa da bokiti da ƙwarya har la'asar. Itacen da muka jera mata duk sun karye sun faɗa ciki. Akwai abin da na gani yana yawo a kan ruwan nan, tare da jan kifi, wanda ba zan sa a rubuta ba.

Mahmuda ya dawo washegari. Na shirya masa, na ce in ya ɗaga murya zan gaya masa wanda ya fara kawo ruwa gidan nan. Bai ɗaga ba. Ya tsaya a bakin ramin da takalmansa na ofis, sai ya cire su, ya naɗe wando. Liman ya zo da dattawa, suka ce wurin ya zama rijiya, ga damina ta kawo kai, ba halin a mayar da ita nan, sai a kai ta maƙabartar gari. Na ce ban yarda ba, matata ce. Liman ya ce Malam Babandi, haƙƙinta ya fi alkawarinka. Ba wanda ya sake duba inda nake.

Yayanki ne ya shiga da kansa, bai bar kowa ya taɓa ba. Yana lalube a cikin laka yana miƙowa ɗaya-ɗaya, ana wankewa ana sawa a sabon likkafani. Da aka naɗe, Huseina, duk uwarku ba ta fi ƙunshin jariri ba. Shi ya rungume ta zuwa mota. Da ya zo wucewa ta gabana na ce, ka ga abin da tafkinka ya jawo. Ya dube ni, ya ce, "Baba, hannunka yana jini, a ɗaure maka." Abin da ya ce ke nan. Da ya zage ni da ya fi mini.

Ban bi su ba. Na ce ƙafata ba za ta taka inda aka kai ta ba da yardata ba.

Yanzu unguwa ana cewa tsoho ya haukace ya fasa kabarin matarsa. Ke ma na san abin da kike cewa a ranki. To ku faɗa. Amma ki tambayi kanki: da ba a haƙa ba, da me zan fasa? Da an matsar da igiya tun ranar da na roƙa, da yanzu tana kwance lafiya. Ni dai ruwa na je in kore mata.

Iorkyaa ya ce hannunsa ya gaji. Nawa ma haka.

Mahaifinki,
Babandi.

*

Akurba, Lafiya,
16 ga Agusta, 1988.

'Yata Huseina,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kin samu sauƙin ƙafa, kuma damina ta yi muku albarka. Saƙonki na zane da man zafi ya iso, Allah Ya yi miki albarka. Kin ce in dawo wurinki Gombe in huta. Ba zan zo ba. Wa zan bar wa wurin?

Na karya rantsuwata, na je maƙabarta. Iorkyaa ya raka ni har bakin ƙofa ya tsaya. Mai gadi ne ya nuna mini ita, don da kaina ba zan gane ba, duk tudun iri ɗaya ne. A can layi ake bi, wanda ya riga mutuwa shi ke samun wuri. Damanta wani yaron mota ne da ya faɗo daga kan lodin doya. Hagunta wata jaririya. Gaba da baya duk an cika, layin ya yi nisa har ya kusa kai katanga. Na tambayi mai gadin ko ana ajiye wa mutum wuri. Ya yi dariya ya ce Baba, nan ba tashar mota ba ce. Na tsaya in yi mata magana, na rasa ta inda zan fara. Na karanta abin da na iya, na dawo.

Mahmuda bai gyara tafkinsa ba. Injin yana nan ya yi tsatsa, furannin ciyawa ta cinye su. Ya rame. Yana gaishe ni safe da yamma, ina amsawa. Sau biyu yana kawo tifar ƙasa wai a cike tafkin da ramin kabarin duka, a manta. Na ce tafki nasa ne, ya yi yadda ya so, amma ramin nawa ne, duk wanda ya zuba masa ko cokali ɗaya na ƙasa ban yafe ba. Ƙasar tana nan a jibge a ƙofar gida, awaki suna hawa.

Ga wasiyyata, ki riƙe, tunda ke kika ji ta farko. In na mutu, a kwarfe ramin nan a sa ni a ciki. Ban samu gefenta ba, to a ba ni inda ta kwanta. Na gaya wa liman, ya sunkuyar da kai. Na gaya wa yayanki, ya ce Allah Ya ja kwana. Na san ma'anar wannan. Mota za ku sa ni, ku kai ni ƙarshen layi, kusa da wanda ban taɓa gani ba. Duk da haka na faɗa, kuma an rubuta.

Da farkon damina kullum ina kwarfe shi da ƙwarya, sama tana mayarwa. Na rufa masa kwano, iska ta ɗauke. Yanzu bayana ya ƙi, ba na iya sunkuyawa. Ya cika har baki, kwaɗi sun tare a ciki. Ashe tafki biyu aka yi a gidan nan, nasa da nawa, kuma nawa ne ya fi riƙe ruwa.

Shekaranjiya da safe na fita na ga ganye shimfiɗe a kan ruwan. Badon nan ne da ruwa ya kwasa ranar, ya kama a ƙasan ramin. Yau ya buɗe fure, fari, guda ɗaya, daidai inda kan uwarku ya kwanta. Shekarar yunwa, kafin a haife ki, da bado ta riƙe mu, ita ke shiga ruwa har wuya tana tonowa, Mahmuda yana goye a bayan ƙanwarta yana kuka a bakin gaɓa. Ban san ko yana tunawa ba. Ban tambaye shi ba, kuma ba zan tambaya ba.

Na ɗauko sanda in fizge shi. Na daɗe a tsaye. Yana nan ban taɓa ba.

Kada ki gaya wa yayanki.

Ki gai da mai gidanki da yara. In kin yi salla ki sa uwarki a ciki. Ni ba sai kin sa ni ba.

Ni ne mahaifinki,
Babandi na Akurba.